Yadda za ka ajiye kifin barb a akwariyam (tankin gilashi na kiwon kifin ado) ba tare da sun addabi sauran kifaye ba

Masu cewa barb mafaɗacin kifi ne, in ka bincika yawancinsu tiger barb suka sayo, guda biyu ko uku, suka zuba tanki ɗaya da kifaye masu dogayen fukafukai irin su guppy ko angel, kafin sati ya zagayo wutsiyar guppy ta zama tsumma. To ai dama haka za a yi. Barb dangi ne babba, akwai masu cizo akwai masu sanyin hali, kuma ko masu sanyin halin ma sai sun yi yawa kake ganin ainihin halinsu. Ka ɗauki iri ɗaya da yawa, ba bibbiyu daga kowane iri ba don kala ta burge ka a shago.

In yanzu za ka fara, ni dai cherry barb zan ce ka nema. Asalinsa Siri Lanka, ba ya wuce santimita 5, namijin ja ne jawur musamman in yana zawarcin mace, ita kuma macen ruwan ƙasa-ƙasa ce da layi mai duhu a gefenta. Sai gold barb, kakanninsa na kudancin Sin da Biyetnam kore-kore ne, ruwan zinaren nan masu kiwo ne suka fitar da shi, yana kai santimita 7 kuma ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, digiri 18 zuwa 24, don haka in ɗakinka tanda ne a watan Afrilu ka yi tunani sau biyu. Akwai checker barb na Sumatra shi ma ba ruwansa. Sannan akwai wani na tsibirin Borneo mai kama da tiger sosai amma shi mai kunya ne, ka tsaya gaban gilashin ka ƙirga baƙaƙen layukan jikinsa, tiger huɗu gare shi, wannan biyar. Tinfoil barb kuwa kar ƙanƙantarsa a shago ta ruɗe ka, yana wuce santimita 30.

Maganar yawa ita ce gaba da komai. Shida shi ne mafi ƙaranci, takwas zuwa goma ya fi. Dalili kuwa su barb kullum cikin gwada ƙwanji suke a tsakaninsu, wannan ya kori wancan, wancan ya kori wani, to in suna da yawa korar sai ta rarrabu babu wanda ake takura wa shi kaɗai, amma in uku ne kacal sai babban ya sa ƙaramin a gaba har ya daina fitowa cin abinci, ko kuma su juya kan maƙwabta. A cherry ka sa mata su ninka maza, namiji ɗaya mata biyu, in ba haka ba mazan za su gajiyar da macen da bi. In ka ga maza biyu sun baza fukafukai suna zagaya juna kalarsu ta ƙara ja, kar ka tsorata, burga ce kawai.

Tanki kuma tsawo ake nema ba zurfi ba, don iyo suke daga wannan gefe zuwa wancan. Lita 75 zuwa 80 mai tsawon santimita 60 ya isa cherry takwas, gold sai ka ƙara. Ka zuba yashi mai duhu, kalarsu ta fi fitowa a kansa, ka cika baya da gefe da tsirrai ka bar tsakiya fili. Tsirrai irin su Java fern da anubias ba sa buƙatar haske sosai, shi anubias ma ɗan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, amma kar ka binne kaurin jijiyarsu cikin yashi, ruɓewa yake, ɗaure shi za ka yi da zare jikin dutse ko itace. Ka sa murfi, kifi na tsalle.

Kar ka cika tanki yau ka zuba kifi gobe. Kashin kifi yana zama amoniya, guba ce, kuma bakteriyar da ke zama cikin soson filta, wato na'urar tace ruwa, ne ke mayar da ita naitirait sannan naitiret wanda ya fi sauƙi. Kafin su taru ana ɗaukar sati 4 zuwa 6, filta na aiki kana ɗan jefa abincin kifi yana ruɓewa. Sai abin gwajin ruwa ya nuna amoniya da naitirait sifili tukunna. Bayan nan duk sati ka canza kwata na ruwan, ruwan famfo ka ɗiga masa maganin cire kulorin, soson filta kuma cikin ruwan da ka kwaso daga tankin za ka matse shi, ba ƙarƙashin famfo ba.

Abokan zama: corydoras a ƙasa, harlequin rasbora, ƙananan tetra, kuhli loach. Banda betta da duk mai jan doguwar wutsiya, banda oscar da zai haɗiye su.

Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, barb ba ya cewa ya ƙoshi. In an ɗauke wuta da zafi kuwa ka dakatar da abincin gaba ɗaya, ruwa mai ɗumi iskar da ke cikinsa kaɗan ce, za ka gan su sun taru sama suna buɗe baki, nan ne ɗan famfon iska mai batir yake ceton tanki. Cherry digiri 23 zuwa 27 yake so, da zafi fanka ta riƙa busa saman ruwan, da hunturu hita.

Sabon kifi kuma ka bar ledarsa ta yi yawo saman ruwa minti 20, ka kamo shi da raga, ruwan shago kar ya shiga tankinka. In da hali ya yi sati biyu a wani tanki daban kana duba ko fararen ɗigo kamar gishiri, alamar cuta, za su fito masa.