Kafin ka kama ɗaki a Ingila, duba wa ke ƙasanka

Salamu alaikum ƴan uwa na Yamai da na Tawa, musamman ku ƙannena ɗalibai da ke haɗa kaya za ku Ingila. A fada kullum maganar biza ake da kuɗin jirgi da rigar sanyi, ban ji wanda ya tada zancen wurin kwana ba, alhali shi ne ke fara ba mutum wuya. Ɗaki mai araha a Landan ko Birmingham ko Manchesta sau da yawa a saman kanti yake bakin babban titi, ƙasanka ko gefenka kuma mashaya ce ko gidan rawa. In ka je dubawa ranar Talata da hantsi za ka tarar shiru, ka biya kuɗin ajiya ka sa hannu, sai daren Juma'a da na Asabar ka ji kiɗa na shigowa ta ƙasan gado, masu shan taba sun cika bakin ƙofa suna ihu har ƙarfe biyu, da asuba kuma ga ƙarar kwalabe ana juye su a bola. Don haka ka koma da dare ka tsaya a titin, ko ka roƙi wani ɗan uwa ya je maka.

Nan gida in mai bar ya dami kartiye, mai unguwa ake samu ko liman da dattawa su je su yi magana, in ta ƙi a tafi komisariya. Can ba haka ba ne, kansul ke da abin a hannu, wato kamar meri a wurinmu, kuma komai da takarda. Dokar lasin saida giya da kiɗa ta 2003 ce ke aiki a Ingila da Wales tun Nuwamba 2005, Sikotilan tata daban ce. Kowace kansul tana da rajistar lasin da kowa zai iya dubawa, yawanci a intanet, ka sa adireshin ka ga ƙarfe nawa aka yarda su daina saida giya, ƙarfe nawa kiɗa zai tsaya, da sharuɗɗan da aka ɗora musu. Minti goma ne aikin, kyauta kuma.

To ga wurin da mutanenmu ke faɗuwa. Idan za a buɗe sabuwar mashaya ko wata na son ƙara awanni, dole a liƙa takarda mai launin shuɗi-shuɗi a jikin ginin har kwana 28, a kuma buga a jaridar yankin. Mu dai wucewa muke, mun ɗauka talla ce. Cikin kwanakin nan ne kawai kake da damar rubuta ƙorafi, kuma in babu wanda ya rubuta, ba maƙwabci ba ƴan sanda ba, doka ta tilasta wa kansul ta ba da lasin kamar yadda aka nema. Ba sai kana ɗan ƙasa ba, ba sai gidan naka ne ba, ɗan haya ma na da baki.

Amma don Allah ƙanina kar ka rubuta cewa giya haramun ce ko mu Musulmi ne a layin nan, na san a ranka abin da ke damunka ke nan amma takardarka gefe za a ajiye ta. Abu 4 kawai doka ta yarda a duba, hana laifi da rigima, tsaron lafiyar jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Ko ka ce mashayu sun riga sun yi yawa ba a buƙatar wata, shi kaɗai bai isa hujja ba. Abin da ke aiki shi ne ka ce tagar ɗakin yarana na kallon ƙofarsu, ana fitsari a lungunmu, an fasa kwalba a hanyar da yara ke bi zuwa lakwal, ranar kaza ƙarfe kaza. Ka sayi ɗan littafi kana rubuta rana da lokaci, ka ɗauki sauti da waya, su Turawa rubutu suke ji ba rantsuwa ba.

In ƙorafin ya shiga sai a yi zama gaban kansiloli 3, za a gayyace ka ka yi magana, kuma ka sani yawanci ana ba mai mashayar sunanka da adireshinka, in kana tsoro ka faɗa wa ofishin lasin tun farko ko ka nemi kansilan unguwarku ya yi magana a madadinku. Kar ka sa rai za a hana lasin gaba ɗaya, abin da aka fi yi shi ne a rage awanni, a ce a rufe ƙofofi da tagogi, a sa masu gadi da kyamara, a hana zubda kwalabe da dare. Wanda bai yarda da hukuncin ba yana da kwana 21 ya kai kotun majistare. Wadda ta daɗe a buɗe ma ana iya neman a sake duba lasinta kowane lokaci. Sai dai kiɗa tsakanin 8 na safe da 11 na dare a wurin da ke da lasin giya, in mutane ba su wuce 500 ba, ba ya buƙatar wani izini na daban, in ya dame ka sai ka bi ta sashen kula da hayaniya na kansul. Rigima kuwa lambar ƴan sanda 101 ake kira, 999 sai in rai na cikin haɗari ko ana cikin aikata laifi.

Dokar nan mu ma tana hawa kanmu fa, ko da ba ka taɓa riƙe kwalba ba. Saida abinci mai zafi ko abin sha mai zafi daga 11 na dare zuwa 5 na asuba sai da lasin, wato mai tsire da mai shayi irin na bakin Wadata da ke kaiwa tsakar dare, can ba zai yi haka kawai ba, wanda ya yi ba izini yana iya shan tara ko ɗaurin da ya kai wata 6. Kai ɗalibi kuma bizarka ma ba ta yarda ka buɗe sana'ar kanka ba, ka cire wannan a ranka. In ƙungiyarku za ta yi wasan Sallah ko na 18 ga Disamba da tikiti da makaɗi har dare, ku fara tambayar mai zauren ko lasinsa ya ɗauki abin, in bai ɗauka ba akwai sanarwar taro na ɗan lokaci, fam 21, mutane ƙasa da 500, a kai wa kansul ita aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar, Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi.