Yadda Ake Zama Mai Horar da Ma'aikata da Tsara Darussa a Kaduna

Kamfani yana biyan mai horarwa ne don ma'aikacinsa ya koma bakin aiki ya yi abin da a da bai iya ba. Duk matakan nan a kan wannan suka ginu.

Da farko, tsaya a fagen da ka riga ka sani. Wanda ya yi shekaru a banki ya fara da ma'aikatan banki, wanda ya fito daga masana'antun Kakuri ya fara da kiyaye haɗurra a wurin aiki.

Na biyu, koyi tsara darasi, a nan sana'ar take. Tsarin da aka fi bi shi ne ADDIE, wanda ya samo asali daga aikin da Jami'ar Jihar Fulorida ta yi wa sojojin Amurka a 1975: bincike, tsarawa, haɗa kayan darasi, gabatarwa, sai aunawa. Binciken ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tsada idan aka tsallake. A ce manajan wani banki a titin Ahmadu Bello ya ce maka layi ya yi yawa, a horar da yaransa. Kada ka buɗe PowerPoint tukuna. Je ka zauna a reshen, ka lura da inda hannun mai karɓar kuɗi yake tsayawa. Idan fom ne yake rikita shi, aikinka ne. Idan intanet ke yankewa, faɗa wa manajan gaskiya, horo ba zai gyara wannan ba. Sannan ka rubuta manufa wadda ido zai gani: "bayan awa biyu, ma'aikaci zai cike fom ɗin buɗe asusu babu kuskure."

Na uku, nemi shaida. CMD, cibiyar gwamnatin tarayya mai bunƙasa harkar gudanarwa, tana tantance masu horarwa, akwai kuma ƙungiyoyin NITAD (ta masu horar da ma'aikata) da CIPM (ta masu kula da harkokin ma'aikata). Wanda bai taɓa karantar koyarwa ba, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) nan cikin Kaduna, tana ba da PGDE, difloma ta koyarwa bayan digiri.

Na huɗu, haɗa samfuri. Ɗan gajeren darasi a Moodle (manhajar koyarwa ta intanet), ko ma a WhatsApp da muryar Hausa don masu aiki da ƙaramar waya, ya fi doguwar takardar neman aiki tasiri.

Ka kuma san ITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971. Kamfanonin da doka ta shafa suna ba ta kashi 1 cikin 100 na albashin shekara, kuma suna iya karɓo har rabin kuɗin idan sun horar da ma'aikata bisa ƙa'ida. Ambata wannan ga mai kamfani kan sauƙaƙa ciniki.

Bayan horo, tafin mahalarta matakin farko ne kawai cikin matakai huɗu na auna tasirin horo da masani Donald Kirkpatrick ya zayyana a 1959. Koma bayan wata guda ka duba ko kurakuran fom sun ragu, ka rubuta sakamakon, shi za ka nuna wa kamfani na gaba.