Yadda Ake Adana Sakamakon Ɗalibai a Sashen Jami'a

Yawancin rigimar da ake yi a kan takardar sakamakon ɗalibi bayan ya kammala, tun ranar shigar da maki aka shuka ta. Saboda haka daga nan za a fara gyara.

Da farko, a buɗe wa kowane ɗalibi fayil da lambar rajistarsa, ba da sunansa ba. A aji ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya har uku, amma lamba ba ta maimaituwa. A saka takardar shigarsa ta JAMB, da sakamakon WAEC ko NECO, da fom ɗin rajistar kwasa-kwasai na kowane zango. A duba tun yanzu ko jerin sunansa da ranar haihuwarsa sun dace da abin da ke wurin JAMB, domin saɓanin harafi ɗaya kan tsayar da mutum a lokacin tafiya bautar ƙasa.

Sai ranar jarrabawa. Kowa ya sa hannu a takardar halarta, a ƙirga takardun amsa a gaban masu sa ido kafin a bar zauren. Idan ɗalibi ya zo daga baya yana cewa ya rubuta amma ba a ga makinsa ba, wannan sa hannun ne kaɗai zai raba gardama.

Wajen shigar da maki ne ake son natsuwa. A rubuta makin gwaji daban, na jarrabawa daban, sannan jimla. Mutum biyu su zauna, ɗaya na karantawa daga takardar malami, ɗaya na bin kwamfuta da ido. Kada a raina maki ɗaya: a kwas mai yunit 3 (nauyin kwas ɗin ke nan), wanda ya ci 70 yana da A, wato 5 sau 3, 15 a lissafi, mai 69 kuwa B ne, 4 sau 3, 12. Irin wannan tazara kan sauke ɗalibi daga matsakaicin sakamako na 4.50 cikin 5, inda digiri mai daraja ta ɗaya yake farawa. Layi ɗaya kuma ya zame a jadawali, duk na ƙasa sun ɗauki makin maƙwabtansu.

Bayan sashe da tsangaya da majalisar jami'a sun amince, a kulle sakamakon. Duk gyaran da ya biyo baya ya zo a rubuce, da dalili, da kwanan wata, da sa hannun shugaban sashe, a kuma bar tsohon makin ana ganinsa. Gyaran baki a baranda shi ke jefa jami'in jarrabawa gaban kwamitin bincike.

A ajiye kwafi uku: na takarda mai sa hannu, na kwamfutar ofis, da wani a wajen ginin. Fayiloli su hau kantar ƙarfe nesa da ƙasa da bango, saboda gara da yoyon damina. Takardun amsa ma kada a yi saurin ƙona su, masu tantancewa daga NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, sukan nemi gani. Ranar da jami'in jarrabawa zai sauka, ya miƙa komai ga magajinsa da jerin abin da ya miƙa, su biyun su sa hannu.