Yadda mutum biyu za su haɗa albam na farko da amon tsofaffin na'urorin wasan gem

A shekarar 2008 wasu matasa biyu daga birnin Toronto na ƙasar Kanada, masu kiran kansu Crystal Castles, suka fitar da albam ɗinsu na farko, ɗaya yana haɗa kiɗa, ɗaya tana rerawa. Wanda ya saurare shi zai ji tsiwa da ƙaraurawa irin ta tsohuwar na'urar wasan gem, ga murya da aka murɗe har kalmomi suka dusashe, amma a ƙarƙashin duk wannan hayaniya akwai karin waƙa mai sauƙi da ke maƙalewa a kunne. Ba su ne farau ba, domin tun 1978 ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ta Japan ta shigar da ƙarar injinan wasa cikin kiɗanta. Idan ku biyu ne kuke son bin wannan hanya, aikin yana farawa ne daga sanin inda amon ya fito, kafin ku taɓa kowace manhaja.

Tsofaffin na'urorin wasa suna da ɗan guntun lantarki guda a ciki wanda aikinsa fitar da sauti, kuma muryoyinsa ƙidayayyu ne. Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983 kuma ta shiga Amurka da sunan NES a 1985, muryoyi biyar gare ta: biyu masu amo mai kusurwa huɗu, ɗaya mai kusurwa uku (sunayen sun fito ne daga siffar igiyar sautin idan aka zana ta), ɗaya ta shuu zalla, sai ta biyar mai kunna ɗan gajeren sautin da aka naɗa. Game Boy ta 1989 tana da huɗu, ita kuwa Commodore 64 ta 1982 uku kacal take da su. Wannan ƙaranci shi ya haifi salon baki ɗaya, domin mai haɗa kiɗa a wancan zamani tilas ya auna abin da zai ba kowace murya. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku ɗaure kanku da irin wannan iyaka ko da kwamfutarku za ta iya ɗaukar layin sauti ɗari. Ku yanke cewa a kowane lokaci sautuka huɗu ne kawai za su yi magana, ban da muryar mai rerawa, kuma ku riƙe wannan doka har sai waƙar ta tsaya da ƙafafunta.

Batun kayan aiki ba shi da wahala. FamiTracker manhaja ce ta kyauta mai kwaikwayon guntun NES, LSDJ da Johan Kotlinski ya rubuta tana aiki a kan Game Boy ko manhajar da ke kwaikwayonta, kuma wanda ya saba da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio zai iya ɗora mata ƙarin manhaja mai suna Magical 8bit Plug, wadda ƙungiyar YMCK ta Japan ta fitar kyauta. Ku zaɓi guda ku zauna a kanta.

Kafin a kunna komai, sai an sami karin waƙar. Ɗayanku ya rera shi da baki, babu kiɗa, ɗayan ya saurara, sannan ku rabu har gobe. Idan da safe mai sauraron ya iya maimaita shi, to ya cancanci a yi masa aiki. Idan ya ɓace masa, ku bar shi ku nemi wani. Na dage a kan wannan ne saboda amo mai kusurwa huɗu tsirara yake, ba shi da kauri ko amsa-kuwwar da za ta rufa wa raunin kari asiri, kuma datti da za ku zuba daga baya, wato lalata sauti da gangan, zai cinye duk abin da bai yi ƙarfi ba tun asali.

Daga nan sai rabon muryoyi, kuma a nan ne gwaninta take. Murya ta farko mai kusurwa huɗu ita ke ɗaukar kari. Igiyar sautinta tana da faɗi da ake canzawa: a kashi 12.5 cikin ɗari amonta siriri ne mai fita ta hanci kamar algaita, a kashi 25 ya fi cika, a kashi 50 kuwa yana da rami a ciki kamar sarewa. Ku gwada sirantar da shi a baiti ku buɗe shi a amshi, za ku ji waƙar ta faɗaɗa ba tare da kun ƙara komai ba. Murya ta biyu tana da ayyuka biyu da suka shahara. Tana iya bin ta farko a baya da ɗan jinkiri da rangwamen ƙarfi, sai kunne ya ɗauka amsa-kuwwa ce. Tana kuma iya yin abin da ya fi komai bayyana wannan salo, wato ta riƙa zagaya sautuka uku da gudu mai tsanani, sau hamsin ko sittin a sakan ɗaya, har su narke su zama wata karkarwa guda. An ƙirƙiro dabarar ne domin na'urar ba ta da isassun muryoyin da za su kaɗa sautuka ukun a tare, kuma har yau ita ce ke sa mai sauraro ya tuno da wasan gem nan take. Kada ku bar ta tana gudu daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, domin tana gajiyar da kunne da wuri.

Mai kusurwa uku ita ce bes, wato sauti mai kauri na ƙasa. A NES ba a iya rage mata ƙarfi, ko dai tana magana ko ta yi shiru, don haka ku yi wasa da gajerun tsayawa domin ta sami rausaya. Ganguna kuwa daga shuu ake sassaƙa su: ɗan tsinke gajere mai tsini yana zama kacau-kacau, wanda ya ɗan fi tsawo yana zama bugun tsakiya, babban bugu kuma ana samunsa ne ta hanyar sa sauti ya faɗo daga sama zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Tun da kiɗan rawa kuke nufi, ba laifi ku tallafa wa wannan bugu da ganga ta zamani mai nauyi, a gudun bugu 120 zuwa 130 a minti.

Sai bayan duk wannan ake zuba datti. Sautin faifan CD yana da bit 16, wato matakai 65,536 na ƙarfi. Idan aka rage shi zuwa bit 8 matakan sun koma 256, a bit 4 kuma 16 kawai suka rage, shi ya sa sautin ke fashewa yana ƙaiƙayi. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne ɗora wannan a kan waƙar gaba ɗaya, sai komai ya zama ƙura. Ku zaɓi abu ɗaya ko biyu da za su lalace, ku bar bes da babban bugu da tsabtarsu, domin sai kusa da abu mai tsabta ake jin zafin mai datti. Haka nan ku bar hayaniyar ta shigo ta fita, ta yi tsanani a amshi ta lafa a baiti.

Muryar mai rerawa ku naɗe ta da tsabta iyakar iyawarku, ku ajiye asalin, sannan ku yi kwafi ku murɗe kwafin, ku haɗa su ku riƙa auna rabon kowanne. Murya da aka lalata tun wajen naɗa ba ta gyaruwa. Idan da Hausa za ku rera, ku ƙara hattara, domin ma'ana a harshenmu tana rataye da hawa da saukar murya da tsawon wasali, kuma murɗiya mai yawa tana iya haɗiye bambancin da ke tsakanin kalmomi biyu. Ku ba wanda bai san rubutun waƙar ba ya saurara ya faɗa muku abin da ya ji.

Akwai abu biyu da ya kamata ku daidaita tun kafin albam ya fita. Sautukan da ke cikin wasannin gem mallakar kamfanoninsu ne, kiɗan da masu wannan sana'a ke sakawa kyauta a intanet shi ma yana da sharuɗɗa, don haka ku gina naku amon, ko ku nemi izini ku ambaci mai shi. Sannan ku rubuta a takarda wanda ya yi me a kowace waƙa da yadda za ku raba abin da ya shigo, tun kuna shiri da juna.

Wajen jera waƙoƙi, kada masu zafi su biyo juna fiye da biyu ba tare da mai sanyi a tsakani ba. Kada kuma ku matse sauti don neman ƙara, domin Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen LUFS 14 ƙasa da sifili (LUFS ma'aunin ƙarfin sauti ne), wanda aka matse ba zai fi saura ƙarfi ba, numfashinsa kawai zai rasa. Kunnen mutum ya fi jin zafi tsakanin girgiza 2,000 zuwa 5,000 a sakan, inda amo mai kusurwa huɗu yake da kaifi, saboda haka ku ɗan rage wannan yanki, ku yi aiki da ƙaramin sauti, ku kuma riƙa hutar da kunnuwanku. A ƙarshe ku kunna kowace waƙa a lasifikar waya. Bes mai kusurwa uku yakan ɓace a can, kuma maganinsa shi ne ku ɗora masa siririn amo mai kusurwa huɗu a hawa ɗaya sama, wato ninki biyu na girgizar bes ɗin, a hankali, har layin bes ɗin ya dawo.