Yadda ƙwararru ke buga manyan gasannin foka, daga bakin mai raba kati

Duk wanda yake son ya mai da babbar gasar foka sana'a, lissafin aljihu zai fara koya, kati sai daga baya. Na yi aikin raba kati a ɗakunan gasa na Las Vegas a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ake WSOP, wato jerin gasannin foka na duniya (World Series of Poker), kuma daga kujerar mai rabawa ana ganin abin da kyamara ba ta ɗauka. Waɗanda suke dawowa shekara bayan shekara su ne waɗanda suka san nawa za su iya rasawa kafin su zauna.

Tun da wuri in faɗi abu ɗaya: caca ce. Akwai gwaninta a cikinta ƙwarai, amma gwanintar ba ta canza mata suna ba, kuma Musulmi ya san abin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta ce a kanta. Ba na kiran kowa zuwa teburin. Ina bayyana yadda sana'ar take ne, domin na ga matasa da yawa sun shigo da hoton da suka gani a waya, suka fita da bashi.

Ka fara sanin girman abin. An fara WSOP a 1970 a gidan cacar Binion's Horseshoe, kuma kuɗin shiga babbar gasarta dala 10,000 ne tun 1972. A 2003 wani akawu daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu kujera ta gasar share fage a intanet da abin da bai kai dala 100 ba, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan 2.5. Wannan labari ne ya cika ɗakunan. A 2024 mutum 10,112 suka shiga, Jonathan Tamayo ya ɗauki dala miliyan 10. To amma daga kowace dala 10,000 ana cire 700 kuɗin gida da ma'aikata, sauran kuma kusan kashi 15 cikin 100 na masu wasa ne kaɗai ke samun wani abu a ciki. Mafi ƙarancin abin da aka biya a shekarun nan dala 15,000 ne. Mutum 85 cikin 100 suna tashi hannu rabbana.

Ƙwararre ma yakan tashi babu komai a kusan gasa 4 cikin 5. Idan ka lissafa, jera gasa 10 ba ko sisi abu ne da ke samun irin wannan gwani kusan sau 1 cikin 10, ba tare da ya yi kuskure ba. A gasar dala 10,000 wannan dala 100,000 ke nan. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi ji a bakinsu ita ce jarinka ya kai kuɗin shiga sau 100 aƙalla, wasu ma su ce sau 200 idan gasar mai dubban mutane ce. Mai dala 20,000 wurinsa gasar dala 200 ne. Kuɗin haya da na makarantar yara ba sa cikin jari, asusunsu daban.

Kada jerin sunayen da ke shafin Hendon Mob ya ruɗe ka, kallon kitse ne ake wa rogo. Shafin yana nuna abin da mutum ya ci, ba ya nuna abin da ya zuba. Daniel Negreanu, wanda ba a shakkar gwanintarsa, ya bayyana da kansa cewa a 2017 ya ci kusan dala miliyan 2.8, amma kuɗin shigar da ya biya sun fi haka, ya rufe shekarar da asarar kusan dala 86,000. Ka riƙe littafi: kuɗin shiga, jirgi, masauki, abinci, abin da ya dawo. Wanda ba ya rubutawa, nasarorinsa kawai yake tunawa.

Tunda ba kowa ke da dala miliyan 1 ba, wato jarin da gasar dala 10,000 ke buƙata bisa waccan ƙa'ida, kusan duk wanda ka gani a manyan tebura ya sayar da kaso. Misali, ka sayar da rabin kujerarka ta dala 10,000 da ƙarin kashi 20 cikin 100 saboda sunanka: masu saye su ba ka 6,000, kai ka cika 4,000, duk abin da aka ci a raba biyu. Akwai kuma ubangida mai biya maka duka a raba riba, amma a nan ka yi hattara, domin asarar da ta taru tana kanka a rubuce, ba za ka ga ko dala ɗaya ba sai an cike ramin. Na san mutanen da suka shekara suna wasa don biyan tsohon rami kawai. Kowace yarjejeniya a rubuta ta kafin a raba katin farko, ko da ɗan uwanka ne. A gasar dala miliyan 1 ta 2012 da Antonio Esfandiari ya ci sama da dala miliyan 18, da gasanni masu tsadar shiga irin su Triton na yau, wannan sayar da kaso shi ne ruwan dare.

Yanzu teburin. Wasan Texas Hold'em ne: kati 2 a hannunka, 5 a tsakiya na kowa. Ka daina ƙirga kwandalolinka, wato 'yan fayafayan da ake zubi da su a madadin kuɗi, da adadinsu, ka ƙirga su da babban zubin dole, wato mafi girma cikin zubi biyu da ake sawa tilas kafin a raba kati. A babbar gasar WSOP ana farawa da kwandala 60,000, zubin dole 100 da 200, wato kana da babban zubi 300, kuma duk awa 2 ake ɗaga shi. Da irin wannan zurfi ba ka da dalilin gaggawa. Ƙaramin tagwai kamar 6 da 6 yana da daraja a nan, domin sau 1 cikin 8 da ɗoriya na uku yakan fito a kati 3 na farko da ake buɗewa a tsakiya, kuma idan ya fito za ka iya kwashe tulin mai As biyu, wato tagwayen kati mafi girma. Idan ka koma zubi 40, irin wannan farauta ta fara tsada. Ƙasa da 15 kuwa yawancin lokaci zaɓi biyu ya rage: ka tura duka ko ka yar da katin. Ƙwararru sun haddace jadawalin wannan kamar yadda ɗalibi ke haddace sau.

Kujera ta fi kati muhimmanci fiye da yadda sabon shiga yake zato. Wanda zai fara magana, mutum 8 na bayansa, hannu 15 cikin 100 ya ishe shi buɗewa, wato fara ɗaga zubi. Wanda ke kujerar ƙarshe yana iya buɗe sama da 40 cikin 100, domin ya ga abin da kowa ya yi kafin ya motsa. Yawancin yinin ƙwararre yar da kati yake yi yana kallo: wa ke ɗagawa kullum, wa ke tsoro, wa ya sha kaye yanzu ransa ya ɓaci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lissafin tsakiya kuwa ba shi da wuya, amma sai ya zama jiki. Akwai 10,000 a tsakiya, abokin karawa ya zuba 5,000. Za ka sa 5,000 don cin tulin da zai zama 20,000, ke nan kana buƙatar nasara sau 25 cikin 100. Idan kana jiran kati ɗaya ya cika maka kati 5 masu zane iri ɗaya, saura kati ɗaya a buɗe, kati 9 cikin 46 ne naka, ƙasa kaɗan da 20 cikin 100. Farashin bai biya ba, sai dai in kana da tabbacin zai ƙara biyanka idan katin ya zo. Burga ma lissafi ce: wanda ya zuba rabin abin da ke tsakiya da hannu marar komai, in abokinsa ya janye sau 1 cikin 3 ya mai da kuɗinsa. Tun da manhajojin lissafin foka irin su PioSolver suka fito, kuma na'urar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke gwanaye 4 a 2017, manyan 'yan wasa suna ba nazari a kwamfuta awoyi masu yawa kamar yadda suke ba tebur. A ganina wanda ba ya son wannan zaman karatu ya bar maganar sana'a.

Inda gasa ta bambanta da wasan kuɗi hannu shi ne kwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci daraja, domin in ta ƙare ka fita. As biyu yana doke Sarki biyu kusan sau 82 cikin 100, amma ka tura duka da shi sau 4 a jere, damar tsirarka ba ta kai rabi ba. Wannan ya fi tsanani a ƙofar kuɗi, lokacin da saura mutum kaɗan su fita a fara biya, da kuma teburin ƙarshe inda kowane mataki ɗaruruwan dubban daloli ne. Mai matsakaicin tuli shi ya fi shiga matsi, domin yana da abin rasawa kuma ga masu ƙaramin tuli suna gab da fita. Mai babban tuli a nan yake kiwo, yana ɗagawa kusan kowane hannu. A gasar share fage da ke ba da kujera 10, saura mutum 11, in tulinka ya isa, yar da As biyu shi ne daidai. Na ga an yi haka a gabana, kuma wanda ya yi ya san abin da yake yi.

Dokokin tebur kaɗan ne amma suna cin kuɗi. Abin da ka furta ya ɗaure ka. Ka jefa babbar kwandala ɗaya ba ka ce komai ba, amsawa ce kawai, ba ɗagawa ba. Ka zuba ka koma ka ƙaro, ba a karɓar na biyun. Turanci kaɗai ake yi yayin da kati ke hannu. Ka ɗora wani abu a kan katinka, domin in mai rabawa ya kwashe shi bisa kuskure, yawanci ya tafi ke nan. A manyan gasanni da dama daƙiƙa 30 ake ba ka ka yanke shawara.

Jiki ma yana cikin jari. Yini ɗaya yakan kai awa 10 zuwa 12, gasar ta ɗauki sama da mako, waje zafi ya wuce digiri 40, ciki kuma sanyin na'ura sai da rigar sanyi. Kuskuren da ya fi tsada a awa biyun ƙarshe na dare ake yin sa. Ka ci abinci marar nauyi, ka yi barci, kuma in aka fitar da kai kada ka wuce ta teburin wata caca don huce haushi. Stu Ungar ya ci babbar gasar sau 3, a 1980 da 1981 da 1997, amma ƙwaya da cacar wasanni suka cinye dukiyar, ya rasu a wani ƙaramin masauki a Las Vegas a 1998 yana da shekara 45.

Sai ranar biya. Doka a Nevada ba ta barin ɗan ƙasa da shekara 21 ya zauna, kuma da fasfo za ka yi rajista ka karɓi kuɗi. Baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana cire masa kashi 30 cikin 100 na ribarsa tun a wurin biya, kuma Najeriya ba ta da wannan yarjejeniya. Mazaunin Ingila kuwa yakan karɓi nasa cif. Saboda haka mai fasfon Najeriya da ya sayar da rabin kujerarsa ya sa maganar harajin nan a cikin takardar yarjejeniya tun farko, a fayyace ko kafin cire haraji za a raba ko bayansa.