Sefti bel: ɗaurawa daban, maƙalawa daban

Na yi shekaru ina hawan ƙarfen sabis kafin na koma kafa sola a kan rufin gidaje a Kano, kuma abin da na fi yi wa yarana faɗa a kai bai wuce guda ba. Sai ka ga yaro ya ɗaura sefti bel, wato madaurin da ke tare mutum in ya faɗo daga sama, tsaf, ya hau bene hawa uku, ƙugiyar kuwa tana reto a ƙugunsa ba a maƙale da komai ba. In na yi magana ya ce, "Oga ai na saka." To ka saka wa wa? Wannan ado ne kawai.

Mu fara da irin bel ɗin. Wanda ake ɗaurawa a ƙugu kaɗai bai dace da tare faɗuwa ba, don in ka zame zai naɗe ka biyu, ya matse ciki da haƙarƙari. Nemi mai kama jiki duka: kafaɗu, ƙirji da cinyoyi. Duba tambarin da ke jikinsa. Na Turai za ka ga an rubuta EN 361, wato lambar ƙa'idar ingancinsa, da shekarar da aka yi shi. In tambarin ya goge, kamar yadda ake yawan samu a kayan gwanjo, ni ba na saya, komai arharsa.

Kullum kafin ka saka, bi madaurin da yatsunka daga farko har ƙarshe kana lanƙwasa shi. Kana neman yanka, zaren da ya tashi, ɗinkin da ya warware, da ƙunar tartsatsin walda. Mu masu sola muna da namu makashin, wato ruwan batir: ɗigo kaɗan ya isa ya cinye zaren alhali ido bai ga komai ba. Rana ma tana cin sa, don haka kada ka yar da shi a bayan mota ko kan kwano. Danna bakin ƙugiya ka saki. In bai koma ya kulle da kansa ba, ajiye ta.

Sakawa ba wuya. Ka kama zoben baya, mai siffar D, ka girgiza madaurai su sauka, ka zura hannuwa kamar riga. Zoben ya zauna tsakanin allunan kafaɗa. Madaurin ƙirji a tsakiyar ƙirji, don in ya yi sama zai shaƙe ka. Na cinya ka ja shi har ya zama tafin hannu a miƙe ne kawai zai shiga, dunƙule ba zai shiga ba. Maza suna son barin wannan sakwa-sakwa saboda zafi, amma duk wanda ya faɗi da shi a haka, inda zai fizge shi ba sai na faɗa ba. Kwashe makulli da sukudireba daga aljihun wando tukuna. Zobban da ke gefen ƙugu kuwa na jingina ne lokacin aiki, ba a maƙala igiyar tare faɗuwa a nan.

Yanzu ga inda maganar take. Ina za ka maƙala? Fayif ɗin ruwa, ƙarfen dish, katakon da gara ta ci, bakin kwano, duk ba su ba. Dokar Amurka ta ce wurin maƙalawa ya iya ɗaukar fam 5,000, sama da tan biyu ke nan, ga mutum ɗaya. Ga yadda nake gwada wa yarana: in ba za ka yarda ka rataya mota a wurin ba, kada ka rataya kanka. Kuma ya kasance sama da kai, daidai inda kake aiki. In ka maƙala can gefe, ka faɗi, lilo za ka yi ka bugu da bango.

Sai lissafin da mutane da yawa ba sa yi. Igiyar takan kai mita 2. A jikinta akwai wani ƙunshi da aka ɗinke, wanda ke yagewa a hankali don ya rage ƙarfin fizga. Shi ma yana iya ƙara har mita 1.75. Ƙara tsawonka daga zobe zuwa tafin ƙafa, ka ƙara mita 1 na rara. Ka ga ana neman sama da mita 6 na sarari daga inda ka maƙala zuwa ƙasa. Gidan da ba bene ba bai kai haka ba, ma'ana za ka sha ƙasa kafin igiyar ta gama aikinta. A irin wannan rufin ina amfani da gajeriyar igiya wadda ba za ta bar ni in kai bakin rufin ba ma sam. A kan ƙarfen sabis kuwa igiya mai ƙugiya biyu ake hawa da ita, ba ka cire ɗaya sai ka maƙala ɗayar.

Da hunturu ƙura kan kwanta a kan kwano, da sassafe kuma raɓa, dukansu santsi ne. Hular kwano ma a ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita za ta riga ka sauka.

Kada ka hau kai kaɗai. Wanda bel ya tare bai tsira ba tukuna: yana rataye, madauri ya matse cinyoyi, jini ya taru a ƙafafu, cikin mintoci yana iya suma. Tun kafin a hau a san da wane tsani ko wace igiya za a sauko da shi. Shi kuma ya riƙa motsa ƙafafu, ya taka duk abin da ya samu. In an sauko da shi a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Bel ɗin da igiyar kuwa sun gama aiki. Ni yanka su nake yi da wuƙa, don kada wani ya tsinta ya kai kasuwa.