Yadda ake shirin jarrabawar Security+ daga Garwa, Marwa ko Injamena

Yawancin matasan da na ga sun faɗi jarrabawar Security+, wato jarrabawar shaidar ƙwarewa a tsaron kwamfuta da intanet ta kamfanin CompTIA, ba ƙarancin karatu ne ya kayar da su ba. Sun haddace littafi, amma ba su taɓa zama gaban kwamfuta sun gwada abin da suka karanta ba, kuma da Faransanci suka yi karatunsu alhali da Turanci za a yi musu tambayoyin.

Da farko ka sauke takardar manufofin jarrabawar daga shafin CompTIA, kyauta ce, ka kuma tabbatar lambarta ta dace da wadda za ka zauna. Zubin SY0-701 ya fito a Nuwambar 2023, yana da tambayoyi da ba su wuce 90 ba cikin minti 90, kuma ana bukatar maki 750 daga 900. Fannoni biyar ne, mafi nauyinsu shi ne gudanar da ayyukan tsaro na yau da kullum, wanda ya ɗauki kashi 28 cikin ɗari, sai barazana da raunin na'urori mai kashi 22. Ka buga takardar, ka riƙa yi wa kowane layi alama da biro idan ka iya bayyana shi da bakinka ba tare da duba littafi ba.

Sai batun harshe. Daga ranar farko ka ajiye littattafan Faransanci, domin tambayoyin dogaye ne, sau da yawa amsoshi biyu ko uku duk suna kama da daidai, abin da ake nema shi ne wadda ta fi dacewa ko wadda ya kamata a fara da ita. Wanda yake fassara kowace jimla a zuciyarsa kafin ya amsa, lokaci zai ƙare masa. Jerin gajerun sunaye da ke ƙarshen takardar manufofin ma sai an haddace shi.

Matakin da ya fi kayar da mutane shi ne tambayoyin aikin hannu, waɗanda galibi suke zuwa a farkon jarrabawa. Za a iya nuna maka zanen cibiyar sadarwar wani ofis a ce ka tsara dokokin katangar tsaro (firewall), wadda ke tace abin da ke shiga da fita, ko a ba ka rajistar na'urori ka gano wadda aka fara yi wa kutse. Maganin wannan shi ne ka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutocin gwaji a cikin kwamfutarka, ka ɗora Kali Linux, tsarin aiki na masu gwajin tsaro, da wata na'urar gwaji ta biyu, ka bincike ta da manhajar Nmap, sannan ka buɗe manhajar Wireshark ka ga abin da ke wucewa tsakaninsu. Wanda ya rufe ƙofar sadarwa (port) mai lamba 22 da hannunsa ya ga SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, ya daina amsawa ba zai sake rikita ta da 443 ko 3389 ba. Fayilolin suna da nauyi kuma suna cin data, saboda haka ku haɗu ku uku ko huɗu, mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a kan filas. Kada ka kuskura ka gwada waɗannan kayan a kan na'urar da ba taka ba. A ranar jarrabawa kuma, shawarata ita ce ka yi wa waɗannan tambayoyin alama ka wuce, ka dawo musu bayan ka gama masu zaɓi.

Kada ka biya kuɗin jarrabawa sai ka fara cin gwaje-gwajen share fage cikin minti 90 da agogo a gabanka, domin kuɗin yana da yawa, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Ka yi rajista ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, da sunanka yadda aka rubuta shi a katin shaida, harafi da harafi. Idan Ousmanou ne a kati, kada ka rubuta Usman.

Ana iya zama jarrabawar a gida ta intanet, amma a garuruwan da ake yawan ɗauke wuta, musamman a zafin Maris da Afrilu, ni na fi son a je cibiyar jarrabawa ko da tafiyar za ta ci kuɗin mota. Idan dole sai a gida, ka cika batir, ka tanadi layin waya na biyu, ka yi gwajin na'ura tun kwana ɗaya kafin ranar, kuma ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya shigo ɗakin, domin shigowar yaro ɗaya na iya sa mai sa ido ya soke jarrabawar. Takardar shaidar tana aiki shekara 3 kafin a sabunta ta.